Filin Tambaya da Amsa: Ƙaramin Gida Don Mahaifiya

A 'yan watannin nan wasiƙu sun yi ta zuwa mana a kan magana guda, wato yadda mutum zai sama wa wani nasa ɗan matsuguni daidai ƙarfinsa a wannan lokaci da kayan gini suka yi tsada. Mun zaɓi uku daga cikinsu, kuma mun fi daɗewa a kan ta farko domin amsarta ta shafi sauran biyun.

Tambaya ta farko, daga wani mai karatu a Kano

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne, ina da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Mahaifinmu ya rasu shekara uku da suka wuce, ya bar mahaifiyarmu, wadda yanzu ta haura shekara 70, a gidanmu na gado da ke cikin birni, kuma har yau ba a raba gidan ba. Ɗakinta ginin ƙasa ne, yana yoyo duk damina, banɗakin kuma na haɗaka ne da sauran mutanen gida, ga shi gwiwoyinta sun fara ba ta wahala. Mu biyar ne a wurinta, maza uku da mata biyu, amma ni ne Allah Ya ɗan buɗa wa. Ina da fuloti mai ƙafa 50 da 100 a bayan gari, na gina gabansa ina zaune da iyalina, a baya kuma akwai sauran fili. Na ga hotunan ƙananan gidaje irin na Amurka a intanet sun ba ni sha'awa, wani kuma ya ce zai iya gyara mini kwantena ta zama ɗaki da banɗaki cikin mako uku. Shin in sayi kwantenar, ko in yi mata gini a bayan gidana, ko kuwa in rushe ɗakinta na gidan gado in sake shi da bulo? Sannan da sunan wa ya kamata a rubuta?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya sa wa wannan niyya taka albarka. Abin da kake shirin yi ya wuce alfarma, domin a mazhabar Malikiyya da muke bi, ciyar da iyayen da ba su da hali, da tufatar da su, da sama musu wurin kwana, wajibi ne a kan ɗan da yake da hali, namiji ne ko mace.

Sai dai na karanta wasiƙarka sau biyu ina neman abin da Hajiya ta ce, ban same shi ba. Ka kawo maganar mai kwantena, ka kawo abin da ka gani a intanet, amma wadda za ta kwana a ɗakin ba mu ji ta bakinta ba, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai wata gwaggona da 'ya'yanta suka gina wa gida mai kyau a wata sabuwar unguwa, da tayil har bango da fanka a kowane ɗaki. Na je gaishe ta bayan wata biyu da tarewa, na tarar ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar waje, carbi a hannu, tana kallon hanyar da babu mai bi sai masu babur jefi-jefi. Randarta ta ƙasa, wadda ta yi shekaru tana shan ruwan sanyi a cikinta, an baro ta a tsohon gida domin an ce ba ta dace da sabon wuri ba, haka ma turminta. Ko sau ɗaya ba ta yi ƙorafi ba, albarka kawai take sa wa yaran, amma kafin shekara ta zagayo ta nemi a mayar da ita ɗakinta na da, inda maƙwabciyarta ta shekara 40 take leƙowa kowace safiya su gaisa. Saboda haka ka fara jin ra'ayin Hajiya, kuma kada ka tambaye ta kai da kanka ka tsaya nan, musamman idan kai ne ɗan fari, domin kara da kunya ba za su bar ta ta ce maka a'a ba. Ka tura ɗaya daga cikin 'yan'uwanka mata, ko wata ƙanwarta da suke shiri, ta jiyo maka gaskiyar abin da ke ranta.

Gidajen da ka gani a intanet suna da nasu asalin. A Amurka sun yi tashe ne bayan rikicin bashin gidaje na 2008, lokacin da mutane da yawa suka rasa gidajensu a hannun bankuna, kuma kundin ƙa'idojin gini da yawancin jihohinsu ke dogaro da shi ya bayyana, a bugunsa na 2018, cewa ƙaramin gida shi ne wanda faɗin cikinsa bai wuce murabba'in ƙafa 400 ba, wato kimanin murabba'in mita 37. Da yawansu da katako ake yin su a kan tirela, faɗinsu ba ya wuce ƙafa takwas da rabi domin a iya jan su a kan titi, gadon kuma yana can sama kusa da rufi, sai an taka tsani ake kai gare shi. Dattijuwa mai ciwon gwiwa ba ta hawa tsani, katako kuma a wajenmu ga tsada ga gara. Abu ɗaya da za ka ɗauka daga gare su shi ne girman, domin lallai murabba'in ƙafa 400 ya ishi mutum ɗaya ya zauna cikin mutunci idan an tsara shi da kyau.

Ita kuwa kwantena, ban ba ka shawarar ka sa mahaifiyarka a cikinta ba. Mai ƙafa 20 tsawon cikinta bai cika mita shida ba, faɗinta kuma mita 2.35 ne, duka-duka kimanin murabba'in mita 14. Idan aka liƙa abin tare zafi a bangon sai ta ƙara matsewa, ta yadda in ka gindaya gado mai ƙafa shida, abin da zai rage tsakaninsa da bango bai isa mutum ya wuce da buta a hannu ba. Ga shi ƙarfe ce gaba ɗayanta, a garin da zafin Maris, Afrilu da Mayu yakan kai maki 40 a ma'auni, kuma tsofaffi su ne suka fi kowa galabaita da zafi. Kafin ta zaunu sai an yi mata silin, an ɗora mata wani rufin daban a sama da tazara don iska ta ratsa, an yanka tagogi an ƙarfafa gefensu, an yi mata mazauni na kankare, an kuma haƙa ramin sokawe kamar kowane gida. Idan ka tara waɗannan da kuɗin ɗauko ta da na motar da za ta sauke ta, za ka ga arahar da aka faɗa maka ta tafi. Kwantena ta dace da shago ko ofishin wucin gadi a wurin aiki, amma ba ɗakin da uwa za ta yi sallar dare a cikinsa ba.

Saura zaɓi biyu. Idan Hajiya ta ce ita ba ta barin cikin birni, to a bi nata, amma ka san cewa duk bulon da ka ɗora a gidan da ba a raba ba, a kan haƙƙin dukkan magada ka ɗora shi. Rabon matar mamaci mai 'ya'ya tumuni ne, wato ɗaya bisa takwas, idan kuma akwai abokan zama sai su raba wannan tumunin a tsakaninsu, don haka daɗewarta a ɗakin bai mayar da shi nata ba. Abin da ya fi shi ne ku nemi a raba gadon tukuna a gaban alƙali ko malamin da kowa ya yarda da shi, ko da ba wanda zai tashi, a san kason kowa, a kuma nemi yardar magada a sa ɗakin a cikin kasonta da naku. Idan rabon bai yiwu yanzu ba, ka tsaya a kan gyara: a sake rufi, a yi mata banɗaki nata ita kaɗai a jikin ɗakin, a rubuta takarda da sa hannun magada cewa sun yarda, a kuma bayyana a cikinta ko kuɗin da ka kashe sadaka ce ko bashi ne da za a fitar maka ranar rabo. Shiru a kan wannan shi ne tsagewar bangon da ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma yawancin shari'o'in gidan gado da ke raba 'yan'uwa daga irin wannan shirun suke farawa.

Idan kuma ta yarda ta dawo kusa da kai, wanda shi na fi so maka in dai da son ranta ne, to a nan tambayarka ta ƙarshe take da nauyi, kuma ita ce ya kamata a warware kafin a haƙa fandisho. Hanyoyi uku ne a gabanka.

Kana iya ba ta kyauta. A fiƙihun Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ta shiga hannunsa, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, inda aka bayyana cewa idan mai kyautar ya rasu kafin a karɓa, abin ya koma cikin gadonsa. To, idan ta tare, gida ya zama nata, kuma ba ka da damar janyewa, domin iyaye ne kaɗai aka ba damar karɓe kyautar da suka yi wa 'ya'yansu, ban da akasin haka. Ranar da ta riga ku, bayan tsawon rai, gidan gadonta ne. Ku maza uku da mata biyu, idan babu miji kuma iyayenta ba sa raye, kashi takwas za a yi, kowane namiji biyu, kowace mace ɗaya, kai da ka gina kana da rubu'i, sauran kashi shida kuma na 'yan'uwanka ne a cikin fulotin da iyalinka suke zaune. Idan abin da kake nufi ke nan, alheri ne babba, amma ka yi shi da saninka.

Kana iya barin sa da sunanka ba tare da ka rubuta komai ba, kamar yadda mafi yawan mutane suke yi. Haɗarinsa yana ɗaya ɓangaren ne, domin ba a san gawar fari ba. Idan kai ne ka riga ta, gidan duka gadonka ne: ita tana da sudusi, wato ɗaya bisa shida, matarka tana da tumuni, saura na 'ya'yanka idan akwai namiji a cikinsu. Idan magada suka buƙaci a sayar, sai ta wayi gari baƙuwa a ɗakin da ɗanta ya gina mata.

Hanya ta uku ita ce wadda malaman fiƙihu suke kira umra, ba umrar ziyarar Makka ba, a'a, ba wa mutum gida ya zauna iya tsawon rayuwarsa. A Malikiyya amfanin gidan ne ake mallaka masa, asalin gidan yana nan na mai shi, kuma Risala ta faɗa a fili cewa bayan rasuwar mazaunin gida yana komawa ga mai shi, ko ga magadansa idan shi ma ya rasu. Da wannan, muddin ta tare, babu mai ikon fitar da ita ko da ka riga ta, bayanta kuma babu rigimar gado a tsakiyar gidanka. Ga halin da ka bayyana, wannan ce ta fi dacewa, domin fulotin ɗaya ne da takarda ɗaya, kuma a ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ba a yanka wani sashe na fili mai takardar gwamnati a mallaka wa wani sai da amincewar gwamna. Ka sami malami masanin fiƙihu da lauya su rubuta maka, da shaidu biyu adilai, a karanta a gaban Hajiya da matarka da 'yan'uwanka, kowa ya riƙe kwafi.

Sannan ka je Hukumar Tsara Birane ta Jihar Kano, KNUPDA, da zanen ginin ka nemi izini, domin ƙarin gini a cikin fulotin da mutum yake zaune shi ma yana buƙatar amincewarsu.

Game da ginin kansa, ga abin da zan tsara da ni ne. Ɗakin kwana ƙafa 12 da 12, falo ƙafa 12 da 14, banɗaki ƙafa shida da takwas, ɗan kicin shi ma shida da takwas, jimilla murabba'in ƙafa 408. Kada ka soke falon don rage kuɗi, domin uwa ba ta rabuwa da baƙi: jikoki, 'yan gaisuwar Juma'a, 'yan'uwa daga ƙauye da za su kwana biyu, da yarinyar da za ta riƙa kwana tare da ita. Bulo goma ne suke rufe murabba'in mita ɗaya na bango, don haka gini irin wannan mai tsayin mita uku, idan an haɗa da na fandisho an cire gurbin ƙofofi da tagogi, zai ci bulo wajen 1,500. Ka yi lissafinka da yawan bulo da buhunan siminti da tifar yashi da bandir na kwano, ba da naira ba, domin farashi yana iya sauyawa tsakanin fandisho da linta. Ka sa mai inci tara a bangon waje, mai inci shida a na ciki, kuma kafin ka saya ka ɗaga ɗaya ka kankare gefensa da farce. Idan yana zuba kamar gari, an cika masa yashi, ka nemi wani wurin. Duk kankaren da aka zuba a riƙa ba shi ruwa safe da yamma aƙalla kwana bakwai, domin sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafa masa. A shimfiɗa leda mai kauri kafin daɓen ƙasa don kada danshi ya hau bango, sanyin daɓe kuwa ka san yadda yake yi wa mai ciwon gwiwa.

Kada ka raina ginin ƙasa don ɗakinta na yanzu yana yoyo. Laifin na rashin yaɓe ne da rashin gyaran indararo, ba na ƙasar ba. Gidan Makama yana nan tsaye a Kano tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kuma duk wanda ya shiga soron tubali da tsakar rana a bazara ya san sanyin da bango mai kauri yake riƙewa. Idan ka sami magini da ya iya jan bulo, ko tubalin da ake matsewa da inji a ɗan sa masa siminti, ka duba shi da kyau, zai fi bulon siminti sanyi. Ko da wanne ka yi, ka sa tagogi a bango biyu masu fuskantar juna don iska ta shiga ta fita, ka rage buɗe taga ta yamma saboda ranar la'asar, ka sa kwano ya zarce bango sosai ta gabas domin daga can hadari yake tasowa, ka kuma yi silin.

Sai ƙananan abubuwan da magina ba sa tunawa sai an faɗa musu. Kada a yi matakala ko ɗaya daga tsakar gida har bakin gado. Idan an ɗaga ginin saboda ruwa, a yi gangare mai sauƙi. Kowace ƙofa, har ta banɗaki, ta kai faɗin ƙafa uku, saboda wata rana ana iya buƙatar keken marasa lafiya ko mutum biyu su riƙo ta. Ƙofar banɗaki ta riƙa buɗewa ta waje, domin in ta faɗi a ciki jikinta kada ya tokare ƙofar. A sa masai na zama, da ƙarfen dafawa a bango, da tayil mai kaushi wanda ba ya santsi, da ɗan dakali inda za ta zauna ta yi alwala ba tare da ta tsuguna ba. Ramin sokawe ya yi nesa da rijiya aƙalla mita 15, in fili ya ba da dama a ƙara. Janareto kada ya kusanci tagarta, kaskon gawayi kuma kada ya kwana a ɗaki a rufe lokacin hunturu, domin suna fitar da wata iska da ba ta wari amma tana kisa. A bar mata 'yar baranda da ɗan fili na ƙasa inda za ta ajiye randa, ta hura murhu idan ta so, ta yi kiwon kaji in tana yi.

Ka kuma zauna da matarka tun yanzu. Shari'a ta ba mace haƙƙin wurin zama nata, don haka sashen Hajiya ya kasance da ƙofarsa, da kicin ɗinsa, da hanyar da baƙinta za su shigo ba tare da sun ratsa ta falon matarka ba. 'Yar gajeriyar katanga mai ƙofa a tsakanin sassan biyu tana kiyaye girman uwa, tana kuma kiyaye sirrin matar gida, jikoki kuwa za su yi ta kai da kawowa ta wannan ƙofar.

Tambaya ta biyu, daga wata 'yar'uwa a Kaduna

Salamu alaikum. Mijin ƙanwata ya rasu ya bar ta da yara uku a gidan haya, kuma ni nake biya mata. Ina sana'a, na yi adashi na tara wani abu, ina so in saya mata ɗan gida mai ɗaki biyu. Dillali ya nuna mini wani a bayan gari, kuɗinsa da sauƙi, amma takardar mai unguwa kawai gare shi, kuma ya ce in ba da kafin alƙalami cikin mako ɗaya domin akwai masu so. Me kuke gani?

Amsa

Wa alaikis salam, Hajiya. Allah Ya ba ki ladan riƙon marayu. Kada ki ba da ko sisi saboda an ce akwai masu so. Gidan da ba zai jira a bincika shi ba, ba naki ba ne.

Takardar mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki a gabansa, amma ba ita ce shaidar mallaka a wurin gwamnati ba. Dokar 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, abin da mutum yake riƙewa shi ne haƙƙin zama da amfani, wanda takardar da aka fi sani da C of O take tabbatarwa. Gidaje da yawa a unguwannin awon igiya ba su da ita, kuma mutane suna zaune lafiya, saboda haka rashinta kaɗai bai isa a fasa ba. Abin da ya wajaba shi ne ki ɗauki safiyo ya auna wurin, a kai awon hukumar kula da filaye ta Jihar Kaduna, KADGIS, a duba ko filin yana cikin wanda gwamnati ta keɓe don hanya, makaranta ko wani aiki, ko kuma an riga an ba wani takarda a kansa. Ki tabbata ba a ƙarƙashin babbar wayar lantarki yake ba, ba kuma a kan hanyar ruwa ba. Idan da hali ki je ki gan shi a watan Agusta bayan an ɗauke ruwan sama. Idan ba lokacin ba ne, ki dubi gindin katangun maƙwabta, layin da ruwa ya taɓa kaiwa ba ya ɓoyuwa.

Ki nemi ganin mai gidan ido da ido, ba dillali kaɗai ba, ki tambayi yadda ya same shi. Idan na gado ne, sai dukkan magada sun sa hannu, ko a nuna miki takardar rabon gado daga kotu. Ki aiki wani namiji naki ya yi sallah a masallacin unguwar ya yi hira da dattawa, domin abin da maƙwabta suka sani game da gida ya fi abin da ke cikin takarda yawa. Ki biya ta banki da sunan mai gidan, lauya ya rubuta yarjejeniya, sannan ki fara neman takardar gwamnati ba tare da jinkiri ba.

Game da suna, dukiyar da kika tara taki ce, aure bai mayar da ita ta mijinki ba, don haka ki rubuta da sunanki ko na wadda kika nufa, ba na wani don kunya ba, ko da yake kyautatawa ce ki yi shawara da shi. Ƙanwarki tana da sauran ƙuruciya, tana iya sake aure ta haifi wasu 'ya'yan. Idan kin ba ta kyauta, sabon mijin da 'ya'yan da ta haifa masa suna cikin magadanta. Idan marayun kike nufi, ki rubuta kyautar da sunansu, mai kula da dukiyarsu ya karɓa a madadinsu a gaban shaidu. Idan kuwa so kike ta huta da haya kawai, umrar da muka bayyana a sama ta wadatar.

Tambaya ta uku, daga wani ɗan kasuwa a Legas

Shekara biyu ke nan ina tura wa ƙanina kuɗi a garinmu da ke Jihar Katsina domin ya gina wa Baba gida mai ɗaki huɗu, amma har yau gini yana linta. Na fara zarginsa. In karɓe aikin daga hannunsa?

Amsa

Alhaji, kada ka yi zargi kafin ka yi lissafi. Ka tattara duk abin da ka tura da ranakunsa, ka sami birkila na daban ya ƙirga bulon da ke tsaye da rodin da aka sa, a kwatanta da farashin kowane lokaci. Kuɗin da ake turowa kaɗan-kaɗan cikin shekara biyu, tsada tana cin wani kaso nasa kafin ya isa hannun mai siminti, wani lokaci kuma Baba da kansa ne yake cewa a taɓa don magani ko taki, ƙaninka ya ji nauyin faɗa maka. Ka kuma tambayi kanka ko ka taɓa yanka masa wani abu na wahalarsa, domin tsayawa a kan magina aiki ne da ke hana mutum nasa neman.

Ni a ganina babbar matsalar ita ce girman ginin. Ɗaki huɗu ga dattijo ɗaya ya yi yawa, kango kuma kowace damina ƙara lalacewa yake yi, shi kuwa Baba shekarunsa ba sa jira. Ka bar ɗaki biyu yadda suke, ka mayar da ƙarfinka kan ɗaki ɗaya da falo da banɗaki. Ka raba aikin mataki-mataki, rufi, ƙofofi da tagogi, filasta da daɓe, sannan ruwa da wuta, kowane mataki a yi jingarsa da mai aikin, kada a biya na gaba sai ka ga hoton na baya a waya. Kwano da siminti ka biya mai shago kai tsaye, ƙaninka ya karɓa ya sa hannu. Ka fara da rufin tun yanzu, a buga kwano kafin ruwan farko ya sauka, Baba ya tare ko da ba a yi fenti ba.